Motar Kara da Goran Kawu Mande

Abin da ya fara tsorata ni da na dawo Gwandu da zama, bayan tsufa ya raba ni da tafiye-tafiye, shi ne shirun la'asar. Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, na zauna ina jiran hayaniyar da na sani, wadda takan tashi da zarar an sallame salla. Babura suka wuce, mai ruwa ya wuce da kurarsa, awaki suka wuce. Yaro ko ɗaya bai wuce da gudu ba. Na ɗauka rasuwa aka yi a unguwar, har na tambayi maƙwabcina wa ya rasu. Ya yi dariya ya ce kowa lafiya, yara wasu suna Islamiyya, wasu suna ciki suna kallo a waya. Na ce to in sun taso fa? Ya ce ciki za su koma.

Na shiga gida na tarar da jikana, yaron da ya isa ya tura gare-gare tun daga nan har Malisa, zaune a kan siminti da wata jar motar roba a gabansa. Yana danna wani abu a hannunsa, tana tafiya ita kaɗai, ta bugi bango ta dawo. Shi ko motsi bai yi ba. Can ta tsaya. Ya girgiza ta, ya ce batir ya mutu, ya tura ta ƙarƙashin kujera ya tashi. Na kira shi na ce ya samo mini karan dawa in yi masa wadda ba ta mutuwa. Ya tsaya yana kallona. Ashe bai san ana yin wani abu da kara ba ban da a ba shanu ko a hura wuta. Uwarsa, matar ɗana, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce in yi haƙuri, kara yana yanka hannu, kuma ba ta barin su waje saboda masu babur da abin da ake ji na satar yara. Ban ga laifinta ba. Amma na daɗe zaune baki buɗe, kamar an ce mini an daina haihuwar yara da ƙafafu.

Na zauna a garuruwa da dama, kuma duk inda na sauka, kafin in gama koyon gaisuwar mutanen nakan duba abin da yaransu suke turawa. A Kumasi waya suke lanƙwasawa, su yi mata sitiyari mai kai wa ƙirji. A Omdurman gwangwanin kifi ne da murafun kwalba. A Yamai na ga yaran Zabarmawa suna yi da kara irin namu sak, har na tsuguna na gyara wa wani ƙafa, muna hira da ɗan guntun Zabarmancina. A ƙasar Turawa ce kawai na ga motar yara a bayan gilashin kanti, na kuwa tausaya musu, na ce a raina bayin Allah ba su da kara. Ban taɓa zaton zan rayu in ga kara jibge a gonakin Gwandu, rani ya shigo ya fita, ba hannun yaron da ya taɓa shi ba.

Mu mun tashi Turawa ba su tafi ba, mota kuwa abin kallo ce. Jefi-jefi wata babbar lori mai bodin katako takan shigo ɗaukar gyaɗa. Tun tana bayan gari ake jin gurnaninta, sai ka ga yara suna ɓullowa ta kowane lungu, wani da allonsa a hannu, wani ya yar da ciyawar akuya a hanya. Mukan kwanta rub da ciki muna leƙen ƙarƙashinta, karen mota yana korar mu da tsumma mai baƙin mai. Ba don wasa muke leƙen ba. So muke mu ga yadda aka haɗa ta, mu je mu haɗa tamu. In an gama karatun safe, an shayar da jaki, an kai wa tsofaffi fura, sauran yinin namu ne har magariba. Akwai langa, akwai kokawa a yashi, akwai gare-gare da bakin tsohon kwando, 'yan mata suna can gefe da carafkensu. Amma bayan kaka, in kara ya bushe, duk wani wasa sai ya ja baya ya ba motar kara wuri.

Aikin yana da tsarinsa. Za ka zaɓi kara mai kauri, ka ɓare ɓawonsa da haƙori, ka tsaga ɓawon siri-siri. Farin cikin, wato totuwa, shi ne ginshiƙi, ɓawon kuma shi kake sossokawa a jikinta har bodi ya tashi. Inda ake son ƙarfi sai a sa ƙayar aduwa. Leɓe yakan tsage, yatsa yakan yi jini, ka tsotse ka ci gaba, ba wanda zai kai ƙara gida. Wahalar duk tana wurin ƙafa, domin da sakaina ake yin ta, sakaina kuwa sai ƙwarya ta fashe. A gidanmu, da duk gidajen da na sani a Gwandu, doka ɗaya ce: abin da aka jefar bayan rumbu na yara ne. Innarmu takan ce abin da ke bayan rumbu namu ne, na cikin ɗaki kuwa wanda ya taɓa shi da ita. Saboda haka jin ƙarar fashewar ƙwarya a maƙwabta, da salatin mai ita, ya fi mana kiɗan biki daɗi.

Yadda manyanmu suka koya mana yanka ƙafa shi ne, ba a yanka sai an huda. Za ka gasa ƙusa a murhu har ta yi ja, ka huda sakainar a duk inda kake son tsakiyar ƙafa, ka gama hujinka huɗu. Daga nan ka soka ƙaya a hujin, ka ɗaura mata zare da ɗan gawayi, ka zagaya, da'ira ta fito daidai, sannan wuƙa ta bi. Wanda ya yanka kafin ya huda, ko dai sakainar ta dare a hannunsa ko motarsa ta riƙa ɗingishi, yara su yi ta binsa suna kwaikwayon tafiyarta. A wannan aiki ba wanda ya kai wana Jabbi. Ya girme ni kaɗan, ba shi da yawan magana, in yana haɗa mota harshensa yakan leƙo ta gefen baki. Damuwarsa ɗaya ce a duniya: ƙwaryar gida ƙarama ce, ƙafar da aka fitar daga jikinta sai ta lanƙwashe kamar marfi. Kullum yakan ce da zai sami babbar ƙwarya mai kauri, wadda jikinta ya kusa miƙewa, da ya yi ƙafar da Gwandu ba ta taɓa gani ba.

Innarmu 'yar Kalgo ce, 'yar masunta, aka auro ta gidan malamai. Mu ba mu san ta da komai ba sai lulluɓi da magana ƙasa-ƙasa, da zama cikin gida daga ɗaki zuwa madafa. Wata shekara da rani ta sami izinin ganin gida, ta tafi da mu biyu a kan jaki. Ranar na fara ganin ruwan da ya fi rijiya faɗi. Gulbi ya ja baya ya bar wani babban tafki a fadama, kuma Sarkin Ruwa ya hana kowa taɓa shi har ranar su, ranar da duk masuntan yankin za su faɗa masa gaba ɗaya. Mun iske ana ta shiri, ana ɗinkin homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, mata suna tara itacen banda.

A gidan ƙanenta muka sauka, Kawu Mande. Wata cuta ta shanye masa ƙafar hagu tun yana yaro, ta zama kamar sanda. A tudu da sandar icce yake dogarawa, hannu ɗaya a gwiwa, kowane taki sai ya tsaya. Amma bakinsa lafiya lau. Malaman tudu yake kiranmu, yana cewa 'yan Gwandu in sun ga ruwa ya kai idon sawu sai su fara karanta addu'ar tafiya. Da ya ga motar da Jabbi ya zo da ita, ya juya ta ya duba ƙarƙashinta da kyau, ya ce direba ya yi, saura karen mota, ya nuna ni. Yaran Kalgo kuwa da 'ya'yan goriba suke yin ƙafa, motocinsu suna ƙara kamar ana daka, suka ce tamu ta 'yan mata ce, in mun isa mu fito tsere bayan ranar su. Na waiga wurin Jabbi. Na dai ga harshen ya leƙo.

Abin da ba mu sani ba, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya mana don kowane yaro a Kalgo ya san shi tun yana goye, shi ne yadda masunci yake shiga zurfi. Wani ƙaton gora ne, zagayayye, an yanke masa baki a sama. Mutum yakan kwanta a kansa da ciki, ya riƙe homa a kowane hannu, yana tura ruwa da ƙafa, in ya kama kifi ya jefa ta bakin. Masu ƙafa biyu in gora ya kuɓuce musu sai su yi iyo su kamo shi. Kawu kuwa goran nan shi ne ƙafarsa ta biyu. In yana kai ba mai wuce shi, in babu shi ba ya iya kai kansa gaɓa daga tsakiya. Sauran masunta sukan rataye nasu can sama a zaure. Shi ba ya iya hawa ya rataye, saboda haka sai ya kife nasa a inuwa, a bayan rumbu.

Can Jabbi ya same shi, ana gobe ranar su. Tsoho ne, ya yi baƙi ƙirin, bakinsa ya gutsuttsure, kaji sun yi masa kashi a kai. Ya kira ni da hannu, muka tsaya muna kallo. Ya ce mutanen Kalgo ba su san arziki ba, dubi abin da suka yar. Ya aike ni neman ƙayar aduwa da gawayi. Kafin in dawo ya gasa ƙusa a murhun da mata suka hura, ba wadda ta dube shi, ya yi hujinsa huɗu a gindin goran, inda ya fi kauri, kowanne bai wuce a zura tsinke ba. Yana shirin ɗaura zare aka kira magariba, Inna ta ƙwala mana kira. Ya share toka a wurin da tafin hannu ya ce da safe ma yanka.

Nakan tuna da wannan ƙusa in na ji ina neman yi wa iyayen yanzu faɗa. Yaro ya ɗauki jan ƙarfe daga wuta ya ratsa tsakar gida cike da manya, ba wanda ya ce ina za ka. Haka aka bar mu, kuma a cikin barin nan muka koyi duk abin da hannunmu ya iya. A cikinsa kuma muka yi ɓarnar da yaron da ke zaune a kan siminti ba zai taɓa yi ba. Na auna abin nan a garuruwa da yawa ban gama auna shi ba.

Da asuba maza suka fita, muna jin ganga tana nisa. Inna ta tsaya dama furar da za a kai bakin ruwa. Jabbi ya ɗauki wuƙa muka zagaya bayan rumbu. Babu gora, sai zagayen shaidarsa a ƙasa. Ya ɗauka yaran Kalgo ne suka riga shi, ya dawo ransa a ɓace.

"Inna, wa ya ɗauke tsohon goran ga na bayan rumbu?"

"Wane tsoho? Na kawunku na, shi yaka hawa," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Hawa ina?"

"Cikin ruwa mana. Mi kake nema da shi?"

Jabbi ya dube ni, ya dubi wuƙar hannunsa. Ya ce, da wata 'yar ƙaramar murya, "Na huda shi."

Ludayin ya tsaya. Ta tambaye shi a ina, ya ce a gindi. Ta ce nawa, ya ɗaga yatsu huɗu. Na rufe ido ina jiran marin. Ba marin da ya zo. Da na buɗe, ƙwaryar fura tana kwance a ƙasa, Inna kuwa ta kai ƙofar gida, ba mayafi, ba takalmi, tana gudu. Ban taɓa ganin ta da kai a buɗe a waje ba, ban taɓa sanin ma tana iya gudu ba. Muka bi ta, ba mu cim mata ba. Ta ratsa gonakin albasa, ta tsallake kwari, tana tafe tana ɗaure zane a ƙirji.

Mun isa an riga an faɗa ruwa. Tafkin ya yi baƙi da kawuna da goruna, ganguna suna tashi, mata da yara suna ta ihu a gaɓa duk sa'ad da wani ya ɗaga babban kifi. Inna ta kama wani dattijo tana yi masa bayani, ya karkato kunne ya kasa ji, ya yi mata nuni ta koma cikin mata. Jabbi yana kiran Kawu, muryarsa ba ta wuce hancinsa ba. Ni ban iya bambanta kan kowa ba. Ita ta san inda za ta duba. Can ƙetare, ƙarƙashin wata bishiyar da ta sunkuyo, akwai wurin da ya fi ko'ina zurfi, inda ƙanenta yake zuwa tun suna yara don ya nuna wa masu ƙafa biyu iyakarsu. Ta sa hannu a goshi ta duba. Na bi idonta na hango shi shi kaɗai, kuma na ga abin da ta gani: kowa ƙirjinsa yana sama da ruwa, shi ruwa ya kai masa haɓa.

A wancan lokaci mace ba ta shiga ruwan su. Inna ta shiga. Ta yi taku biyu ta kife, sai ga hannuwanta suna sarar ruwa kamar ba ta taɓa barin sa ba. Mata suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya, shirun ya bi gaɓa har ya kai ga makaɗa, ganga ta tsaya. Matar malam, wadda ko dariya ba ta yi da ƙarfi, tana ratsa tsakiyar maza, suna janye gorunansu suna ba ta hanya don mamaki. Na zauna a cikin taɓo. Jabbi ya bi ta har ruwa ya kai masa wuya, wata mai banda ta fisgo shi ta riƙe.

Daga baya Kawu ya ce ya ji goran yana nauyi, ya ɗauka kifi ne da ruwan fantsama, har ya ji daɗi. Da ya gane, ya riga ya yi nisa. Ya yi kira, ganga ta haɗiye. Da goran ya nutse daga ƙarƙashinsa, homa ɗaya ta naɗe masa ƙafar mai lafiya. Muna kallo kansa ya ɓace, ya ɓullo, ya sake ɓacewa. Inna ta isa wurin babu kowa a saman ruwa. Ta nutse. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na ji wata tsohuwa a bayana ta fara salati irin na rasuwa. Sai ga ta ta ɓullo, hannunta ɗaya a ƙarƙashin haɓarsa. A lokacin ne maza suka farga, aka tura jirgi.

Aka kwantar da shi a kan yashi, jikinsa ya yi fari-fari, ƙaramar ƙafar tana lanƙwashe a gefe. Aka kife shi ana danna bayansa. Wata ta yafa wa Inna zane, tana tsugune tana haki, ba ta kuka, tana kiran sunansa na yarinta a hankali. Wasu dattawa suna gunaguni a kan mace ta ɓata ruwa, Sarkin Ruwa ya dube su sau ɗaya suka yi shiru. Can sai Kawu ya yi wani irin tari, ruwa ya zubo ta baki da hanci, ya ja numfashi da ƙara kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa.

Sai da rana ta ɗaga sosai ya iya zama. An tsamo goran, an zubar da ruwan, an ajiye a gabansa. Ya ɗaga shi sama ya leƙa ta bakin, hasken rana ya zubo masa a fuska ta wuri huɗu. Kowa ya gani. Ya ce a kawo masa mai aikin. Jabbi ya zo ya durƙusa. Maza suka ce a ba su shi, wani har ya karyo tsumagiya. Kawu ya ɗaga hannu.

"Malam, mi ya sa huɗu?"

"Ƙafafun mota na, Kawu."

Kawu ya dube shi. Ya fara dariya, tari ya katse shi, ya dafe ƙirji. "Ni da guda nike lallaɓawa, kai huɗu kake so." Ya mayar da goran ƙasa, murmushin ya ɓace. "Ba a bugun ka. Amma ba ka koma tudu sai ka iya ruwa. Yau 'yar'uwata ta hid da ni. Gobe tana Gwandu."

Da Inna ta tashi komawa, ta ja lulluɓinta ta hau jaki, ni kaɗai na bi ta. Babanmu ya ji labarin, ya ce Mande ya yi hukunci daidai. An ce wata biyu ko uku ne Jabbi zai yi. Bai dawo ba. Ya iya ruwa, ya ƙi barin sa, ya yi aure a can, ya tsufa yana warin kifi, malaman gidanmu suna kiransa Basarke, wato masunci, shi kuma yana kiransu malaman tudu. Kawu ya toshe hujin nan da ƙaya da danƙo, ya ci gaba da hawan goransa zuwa wurin da ya fi zurfi. Amma har Allah ya karɓi ransa, da furfura, a kan busasshiyar tabarma, bai ƙara shiga ruwa ba sai goran Jabbi yana gefen nasa, ta wajen ƙafar hagu.